Janar Ya Rasu Saura Kwana Uku Biki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta tumbatsa, Madam Odile Vauthier, mai zaune a hawa na huɗu, gida mai lamba tara a Dijon, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Janar, firjin giyar inabin gidanta. Rai ya yi halinsa yau Laraba da ƙarfe uku saura kwata na rana, bayan jinyar kwana biyu, yana da shekara ashirin da biyu a bakin aiki. A daidai lokacin da ake rubuta wannan sanarwa, zafin ɗakin ya kai digiri talatin da huɗu, kuma kwalabe goma sha biyun da aka ba shi amana suna kwance a bahon wanka, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tawul da ledojin wake mai ƙanƙara.

Marigayi Fernand, mijin Odile, shi ya raɗa masa suna Janar, don a tsaye yake ƙyam kuma ba ya rabuwa da ƙunƙuni. Gidan ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ajiyar giya, abin da Fernand ya ɗauka a matsayin abin kunya har ya koma ga Mahaliccinsa, sai Janar ya rufa musu asiri. Digiri goma sha biyu aka ce ya riƙe, goma sha biyu ya riƙe. Bai taɓa daskarar da kwalba ba, bai taɓa jiƙa takardar jikinta ba. Maganarsa ɗaya ce, "mmmmm," sai in ya gaji ya ce "ƙat," ya huta.

Amanar da ya mutu a kanta kowa ya san ta. Shekarar da aka haifi 'yarsu Solène, Fernand ya sayi kwalba goma sha biyu ta inabin shekarar, kowace an rufe bakinta da jan kaki, ya rantse ba za a buɗe ba sai ranar aurenta. A gadon asibiti ma, shekara uku da suka wuce, abin da ya ce wa Odile ke nan: ta kula masa da Janar. Auren Solène ranar Asabar ɗin nan ne.

Ciwon ya fara ranar Litinin. Odile ta zura tsintsiya bayan Janar saboda surukai na tafe, ta ji wani abu ya gangara. Ba ta kawo komai a ranta ba. Da rana sai muryarsa ta sauya, ya koma "kirrr, kirrr," daga nan ya yi tsit. Lambar gabansa ta tashi daga sha biyu zuwa sha bakwai. Ta taɓa gefensa, zafi rau kamar mai zazzaɓi.

Ta kira masu gyara bakwai. Watan Agusta ne, lokacin hutu. Shida na bakin teku, wayarsu na cewa sai ɗaya ga Satumba. Na bakwai ya ɗauka, ana jin ihun 'ya'yansa a ruwa, ya ce, "Madam, fankar baya ce, wadda ke hura bututun nan masu fitar da zafi. In ta tsaya, kwamfaresa zai dafa kansa. Ki cire shi daga wuta." Ta ce in ta cire, giyar fa? Ya ce, "Ki shanye," ya kashe waya.

Ba ta cire ba. Wannan laifin ta amsa shi a gaban jama'a.

Ranar Talata ta nemo Régis, ƙanin mijinta, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu amma yake ganin kansa injiniya. Ya hau bene yana haki, sukudireba a aljihun riga.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki, likita ya iso."

"Likitan da ya gyara mini rediyo ta koma kama tashar jirgin ƙasa?"

"Wannan rediyon dama tsufa ne ya kama ta, kamar mai ita."

Ya duba fis, lafiya. Ya sauya soket, lafiya. Ya maƙala takarda a bakin ƙofar firjin ya ja, roba ta riƙe gam. Janar dai na ta "ƙat... mmm... ƙat," numfashi na yankewa, lamba ta kai ashirin da ɗaya. Odile ta ce a jawo shi daga bango a buɗe bayansa. A nan Régis ya fara kame-kame. Bayansa na ciwo. Ƙasan katako zai karce. Gas zai iya zubewa. Ya kawo fankar tebur ya saita ta gefen Janar, ya ce a bar shi ya sha iska zuwa gobe, ya sauka bene da saurin da bai hau da shi ba.

Yau da safe lamba ta nuna ashirin da huɗu. Odile ta kira shi ta ce in bai zo ba, za ta gaya wa matarsa inda yake zuwa duk ranar Alhamis da sunan kamun kifi. Cikin minti goma ya iso.

Suka zare waya daga soket, suka jawo Janar, suka kwance marfin baya. Ƙurar shekara ashirin da gashin kyanwa sun yi wa bututun bargo. Odile ta haska tocila, ta sa yatsa ta tura fuka-fukin fankar. Ko motsi. Ta leƙa, sai ga matoshin kwalba ya maƙale tsakanin fiffike da ƙarfe. Shi tsintsiyarta ta tura ciki. Ta zaro shi, ta juya shi a haske. Shekarar haihuwar Solène ce a jikinsa.

Ta dubi ƙasa inda Janar ya tashi. Matosai goma a cikin ƙura, duk shekara ɗaya.

Fernand na da ɗabi'a: duk kwalbar kirkin da ya buɗe, sai ya rubuta kwanan wata a matoshinta. Ko satar hanya yake yi ba ya iya bari. Kwanakin duk na shekara biyun da likita ya hana shi sha ne, kuma duk Lahadi ne, lokacin da Odile ke coci. A jikin wanda ya kashe fankar ya ƙara layi ɗaya da ƙaramin rubutunsa: "Saura ɗaya. Ta Solène ce."

"Régis."

"Na'am, matar yaya."

"Kwalba sha biyu na gani a firjin nan, cike, da kakinsu. Me ke ciki?"

Ya share zufa. "Ni mazurari kawai na riƙe."

"Me ke ciki, na ce!"

"Ta kanti ce. Irin ta kwali, mai famfo. Amma wallahi ja ce sosai."

"Shekara uku ina goge wa giyar kwali ƙura? Wace ce ta gaskiyar?"

"Yaya ya ce ta layin ƙasa, gefen hagu."

"Jiya na kwashe su duka na kai baho."

"To... ai kin haɗa su ke nan."

Duk da haka ta so ta ceci Janar, don kwalba ɗayar nan tana buƙatarsa. Suka share bututun, suka mayar da wuta. Fankar ta yi "zzz," ta karkaɗa sau ɗaya, ta tsaya, injinta ya riga ya ƙone. Kwamfaresa ya yi "mmm" mai rauni, ya ce "ƙat." Aka jira ya sake. Bai sake ba. Sai warin ƙonanniyar waya. Sabuwar fanka, in ji kanti, sai nan da kwana goma, kuma ko ta zo babu wanda za ta hura wa.

Marigayin ya rasu ya bar uwar ɗakinsa Odile, wadda ba ta san ko kuka za ta yi ko ta je maƙabarta ta yi wa Fernand tas ba. Ya bar kyanwar gidan, Praline, da ta rasa wurin ɗumi. Ya bar ƙaramin ɗan uwansa, firjin kicin, wanda cuku ya cika shi, ba shi da masaukin baƙo. Ya bar marayu goma sha biyu a baho, ɗaya 'yar halak, sha ɗaya 'yan kwali, fuskarsu iri ɗaya. Ya kuma bar amarya Solène, wadda ta bugo ɗazu tana murna: "Mama, na ba baban Bastien labarin kwalaben Baba, har ya ƙagu!" Bastien shi ne ango. Odile ta ce mata komai lafiya.

Za a yi jana'iza jibi Juma'a da ƙarfe takwas na safe, lokacin da motar kwashe manyan tarkace za ta tsaya a ƙofar gida. Ana neman ƙarti huɗu masu lafiyar baya, don benen hawa huɗu ne kuma marigayin ba ƙaramin mutum ba ne. Iyali sun roƙi kada a kawo furanni. Mai niyyar ta'aziyya ya zo da ƙanƙara, ko leda ɗaya ce. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ƙarin bayani: ana cikin rubuta layin da ke sama aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon dattijo ne da Odile ba ta taɓa gani ba, farar hula a hannu, ƙaramin kofin azurfa na ɗanɗana giya rataye a wuyansa. Ya rusuna ya ce shi ne Monsieur Lescure, mahaifin ango, daga Bordeaux, shekara talatin yana alƙalancin gasar giya.

"Na ce bari in zo da wuri in gaida surukata. Kuma in ba za ki damu ba, mu buɗe ɗaya yau, mu ji ko ku mutanen Burgundy kun iya ajiya. Ke za ki zaɓa mini, Madam."

Régis ya shige banɗaki ya murza makulli, shi da kwalaben. Ana sanar da masu ɗaukar gawa su zo da shirin gawa biyu.