Goron Surukina

Saura mako guda in je gaishe da mahaifin budurwata a Maitumbi, na rantse sai haƙorana sun yi fari fat. Safe da yamma ina dirzar su da gawayi da lemun tsami. Abokina mai karatun kimiyya a Bosso ya ce tsamin yana cinye haƙori. Na ce masa boko ne ke damunsa.

Ranar, dattijon ya ɓara goro ya miƙo min. "Bismillah, ɗana."

Na gatsa. Zugi ya harba har tsakiyar kaina, sai ga hawaye shar.

"Allah sarki," in ji shi, "haka kake son ta?"

Shekara tara da aurenmu, har yau in na je gaisuwa, yana miƙo goro ƙannenta za su miƙo hankici.