Labulen Tsoho Maeno da Shuɗin Makin Imel

Jama'a, yau da safe na je ofishin garinmu in mayar wa hukuma kuɗinta, aka ce ba a karɓa. Ni Kurahashi mai miso, irin daddawarmu ta waken suya, na ja lamba a injin, na zauna a benci awa ɗaya da rabi da hulata a cinya, don kawai in ce na fasa son tallafin da aka ba ni, a bar wani tsoho ya mayar da labulen ƙofar shagonsa. Da lambata ta fito, ma'aikacin ya rusuna, ya sake rusunawa, ya ce, "Ka gafarce mu, Kurahashi-san, ba mu da fom ɗin janyewa."

Na ce, "To a ba ni farar takarda in rubuta da hannuna."

Ya ce, "Farar takarda ba ta da lamba, ranka ya daɗe. Abin da ba shi da lamba kuwa, ba mu da inda za mu ajiye shi."

Bari in koma baya, don na san kun fara zargin na zautu.

A watan Oktoba wasu 'yan damfara suka shiga aika wa mutane imel da sunan shagonmu, wai mun yi rangwame, a danna nan a saka lambar kati. Wata dattijuwa da ta shekara talatin tana sayen misonmu ta danna. Da ta kira ni, ko faɗa ba ta yi ba, haƙuri ta riƙa ba ni wai ta jawo mini ɓacin suna, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Kafin ka ce me, 'ya'ya sun gargaɗi iyayensu cewa duk saƙon da ya zo da sunan Kurahashi a share shi. Ga Disamba na ƙaratowa, watan kyautar ƙarshen shekara, lokacin da kowa ke aika wa surukai da shugaban wurin aiki ɗan akwatin miso. Rabin cinikinmu na shekara a watan nan yake.

Matata Sumie ce ta binciko magani, don ita ke riƙe da kwamfuta, ni gangunan haɗa miso ne nawa. Ta ce akwai yadda za a yi tambarin shago ya riƙa fitowa kusa da saƙo a akwatin imel, mai karɓa ya gani ya san namu ne. Hanyar kuma hawa uku ce. Ta sama takardar shaida ce mai tsada, wajen yen dubu ɗari biyu, kuma duk shekara sai an sake biya. Tambari zai fito, gefensa da ɗan shuɗin maki na tabbaci, amma sai ka yi wa tambarin rajista da sunanka tukuna, ita ma rajistar da nata kuɗin da nata watannin jira. Ta tsakiya ba ruwanta da rajista, ka dai nuna cewa tambarin ya shekara a shafinka na intanet. Ta fi arha, tambari zai fito, maki ne babu. Ta ƙasa kuwa kyauta ce, ka liƙa tambarinka a gurbin hoto, sai dai ɓarawo ma yana da yatsun liƙawa.

Na ce, "Shi makin nan, ya girmansa yake?"

Ta ce, "Kamar ƙwayar riɗi."

"Riɗin da ake biya wa haya duk shekara?"

"Baban yara, kai dai ka zaɓa, ka daina cika min kunne. Ni ta tsakiyar nake so."

Da na bi ta Sumie, da yau ban ishe ku da surutu ba. Amma a makon ne allon sanarwar unguwa da ake miƙawa gida-gida ya iso mana, ɗauke da albishir daga Mai Girma Shugaban Sashen Fito da Ƙananan 'Yan Kasuwa Daga Duhu Zuwa Zamani, a daɗe ana yi sai gaskiya. Hukuma za ta biya kashi biyu cikin uku na kuɗin tambarin imel. An riga an yi bikin ƙaddamarwa, manya bakwai da fararen safofin hannu sun yanke kirtani ɗaya, an buga tutoci ɗari uku, an ɗauko masani daga babban birni ya yi bayani da kalmomin da shi kansa sai ya leƙa takarda kafin ya furta su. Ni ban ga laifinsu ba. Ba ƙaramin aiki ba ne a raba kirtani ɗaya tsakanin almakashi bakwai ba tare da an yi jina-jina ba.

Na je ofis na ce ina son tallafin, amma na takardar tsakiya. Mataimakin Mai Girma ya ja iska ta haƙoransa, ya karkata kai, ya ce, "Wannan kam zai yi ɗan wuya." Kun san ma'anar ɗan wuya a bakin mutanenmu, sai dai in a wata rayuwar. Na ce me ya sa, alhali ita ce za ta rage wa hukuma kashe kuɗi? Ya ce, "Kurahashi-san, in babu maki, me za mu zagaye da jan layi a rahoton ƙarshen shekara?"

Na haƙura na karɓi fom ɗin ta sama mai maki. A layi na bakwai aka rubuta cewa dole ya zama babu wani shago a garin nan da ke amfani da tambarin, in kuwa akwai, sai mai shi ya buga hatiminsa a takarda ta daban cewa ya saki.

To akwai. Maeno ya shekara ashirin da biyu yana juya waken suya a gangunan mahaifina, tun ina rarrafe. Ranar da zai kama gaban kansa, mahaifina ya yi masa abin da ake yi wa bara mai amana, ya raba masa labule. Ya ba shi shuɗin labulen ƙofa mai tambarin gidanmu, ƙwayar wake uku ƙarƙashin rufin ɗaki, ya ce je ka rataya, duk wanda ya gani ya san hannunka hannuna ne. Ba takarda, ba lauya. Shekara arba'in ke nan labulen nan na kaɗawa a ɗan shagonsa bayan tashar jirgi. Yanzu shekarunsa tamanin da ɗaya.

Zan gaya muku gaskiya ko da za ku raina ni. Na ninke takardar sakin, na sa a aljihu, na tafi wurinsa. A hanya ina ta ce wa kaina ai takarda ce kawai, ba wanda zai zo dubawa.

Ya kawo shayi, ya ɗora tabarau, ya karanta tun daga sama har ƙasa yana bi da yatsa. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da hatiminsa, ya ce, "Ɗan maigida, ai da ka aiko kawai." Shekaruna sittin da uku, amma a wurinsa har gobe ɗan maigida ne ni. "Tambarin gidanku ne. Aro maigida ya ba ni, ni ne na yi rashin kunya na daɗe da shi."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na fizge takardar na ce, "Bar shi, Maeno-san, gaishe ka na zo yi." Na fita ko shayin ban ƙarasa ba.

Ashe tsohon ya haddace lambar fom ɗin. Washegari ya saka baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, ya je ofis da ƙafarsa, ya karɓi sabuwa, ya buga hatimi. Ofishin nan da ya shekara biyu yana nazarin fitilar layinmu da ta mutu, cikin kwana uku ya amince da buƙatata. Ni ne mutum na farko, kuma har yau ni kaɗai, da ya ci moriyar shirin. Aka kira ni ɗaukar hoto da Mai Girma, ya riƙe gefen takarda na riƙe gefe, yana murmushi ina neman hanyar fita. Da na tambayi yaushe makin zai fito, aka ce in rajista ta kammala, wataƙila da bazara. Wato bayan kowa ya aika kyautarsa, an cinye, an wanke akwatin.

Ina fitowa na bi ta bayan tasha, na ga ƙofar Maeno tsirara, sandar labule kawai. Kun san abin da hakan ke nufi a garin nan: shagon da ba labule a rufe yake. A gabana wasu mata biyu suka zo, suka dubi ƙofar, suka juya. Maƙwabcinsa mai gyaran keke ya tare ni ya ce, "Kurahashi-san, tsohon ya rasu ne ba a gaya mana ba?" Na ce yana nan da ransa. Ya ce, "To wane mara imani ne ya tuɓe masa ƙofa?" Na ce ban sani ba, na ƙara sauri.

Bayan kwana biyu, Sumie ta sayi takardar tsakiyar da kuɗinmu. Tambari ya fito, ba maki, kuma ba wanda ya kira ya ce ina maki. Oda ta dawo, ba duka ba, amma za mu ga sabuwar shekara.

Shi ya sa yau, da ofis ya ce ba a janyewa, ban koma gida ba, na wuce bayan tasha. Maeno ya tarbe ni da ƙunshi a hannu biyu, an naɗe shi da takardar kyautar ƙarshen shekara, da sunansa a ƙasa cikin kyakkyawan rubutu. Na buɗe. Labulen ne, ya wanke shi, ya goge, ya ninke.

Na ari tsani wurin mai keke, na hau, na zura labulen a sandarsa.

Ya biyo ni waje yana cewa, "Ɗan maigida, haba! Na fa buga hatimi. Hukuma fa ce!"

Na ce, "Tambarin nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naka ne."

"To na raba maka labule. Riƙe min tsani."

Ya riƙe da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya share fuska da bayan hannu, ya dubi sama ya ce, "Ya karkace ta hagu. Kai dai har yau ba ka iya komai ba."

Saboda haka, ya Mai Girma, in wani ya karanta maka wannan shafin, ina sanar da kai cewa na karya layi na bakwai da rana tsaka, a gaban shaidu. Ka turo a ci ni tara. Ina bayan tasha, tsohon ya ce sai na sauko na sake ratayewa.