Yadda Na Kai Amarya Kalgo da Motar Lantarki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ƙanwata Hadiza ɗakin mijinta a Kalgo. Ko da na so in manta, danginmu na Gwandu ba za su bari ba, domin har yau idan aka taru wajen biki ko suna, hira ta yi sanyi, da ni ake ɗumama ta.

Abin ya samo asali ne daga wata motar lantarki. Wani abokina mai harkar motoci ne ya bar mini ita in riƙe masa kafin ya dawo daga tafiya, ya ce in riƙa ɗan zagayawa da ita ko Allah zai kawo mai saye. (Wannan bayanin ban yi wa kowa shi ba. Duk wanda ya ce, "Malam, an yi sabuwa, Allah ya sa alheri," amin kawai nake cewa, tunda amsa addu'a ai ba ƙarya ba ce.) Aikin ofis nake yi a Kalgo, kuma kafin a ce kwabo na zama mai wa'azin lantarki. Ko gaisuwa mutum ya tsaya mu yi, sai ya ji yadda zamanin fetur ya ƙare. Abin da ban cika kawowa a cikin wa'azin ba shi ne yadda nake yi mata caji. Wutar unguwarmu baƙuwa ce, ba ta kwana, don haka janaretan maƙwabcina nake ɗura wa mai ya wuni yana ruri. Wato motar tana shan fetur ɗinta daidai gwargwado, ta bayan gida dai take sha.

Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓar wa'azina: Sani, taubashina, ɗan Goggo Asabe ƙanwar babanmu. Sani yana da wata tsohuwar motar fetur da salansarta ta fashe tun ban san yaushe ba. Idan ya tayar da ita a ƙofar gidansu, a gidanmu ake sanin zai fita. Ranar da na fara zuwa Gwandu da tawa, ya zagaya ta sau biyu yana kallo kamar mai taya akuya a kasuwa.

Ya ce, "Wagga aba taka, ina hancinta? Mota ba hanci ba baki, sai ka ce sabulun wanka anka sa ma taya."

Na gyara tsayuwa na yi masa bayani cewa tunda ba injin da ke ƙona mai, ba ta buƙatar waɗancan ramukan na gaba, kuma an yi mata wannan ƙirar sumul ne don ta riƙa tsaga iska. Ya ce, "Mi iska tay yi maka da za ka tsaga ta?"

Muka koma kan gudu. A nan kam, tsakani da Allah, na fi shi. Mun gwada a kan kwalta a bayan gari: kafin tasa ta gama tari ta shiga giya na biyu, ni na yi nisa. Motar lantarki ba ta da kuloci, ba ta canjin giya, kana taɓa totur ta tafi. Na ƙara masa da cewa batirinta a shimfiɗe yake a ƙasa, shi ya sa ko a kwana ba ta tangaɗi, tana manne da titi. Sani bai ko girgiza ba. Ya ce, "Bisa kwalta ke nan. Bari damina ta zauna mu tai hanyar gona. Tawa in ta kahe, ƙarti huɗu na ɗaga ta. Taka sai an aro shanun huɗa." Na ce masa jahilci ne ke damunsa. Ya ce ya ji, amma jahilcinsa kowane bakanike na gyara shi a gindin bishiya.

Ana cikin wannan musu bikin Hadiza ya zo. Angon, Bashir, mutumin Kalgo ne, kuma abokin Sani ne, don haka tun farko an tsayar cewa motar Sani ce za ta ɗauki amarya. Ni a matsayina na wa, ba ni da hurumi a rakiya. Kunya ma ta isa ta zaunar da ni a zaure tare da manya. Amma ina, zuciyata ta ƙi. A ce ƙanwata za ta shiga Kalgo, garin da ake ganin girmana, a cikin waccan gwangwanin? Na sami Goggo Asabe, wadda ita ce shugabar masu rakiya, na cika ta da zancen martabar gida har ta gaji ta ce in yi yadda na ga dama. Hadiza da kanta ta aiko mini cewa, "Yaya, don Allah a bar shi yadda anka saba." Na ce yarinta ce. Alhali ita ce ta san abin da ke gabanta: yadda amarya ta shiga gida ranar farko, da shi dangin miji za su riƙa tuna ta, kuma ita za ta zauna da su, ba ni ba.

Bayan la'asar aka fito da ita a lulluɓe. Matsala ta farko tun a ƙofar gida ta same mu. Hannayen ƙofar motar a ɓoye suke cikin jikinta, sai an danna suke fitowa. Goggo ta shafa nan, ta shafa can, mata sun yi cirko-cirko da amarya tana kuka, sannan ta juyo ta ce, "Kai, ta ina aka shiga gidanga naka?" Na ruga na buɗe, ina murmushin wanda ake yaba wa.

Muka kama hanya, ni a gaba, sauran motoci a baya suna hon. Goggo da wata ƙawarta suka sa amarya a tsakiya. A nan na gano wani amfanin ƙarar inji da ban taɓa karantawa a ko'ina ba: sutura ce. A cikin motar Sani, amarya za ta yi kukanta, tsofaffi su yi mata nasiharsu ta mata, direba bai ji komai ba. A tawa kuwa ko haɗiyar yawu aka yi sai na ji. Mun wuce Kambaza kaɗan Goggo ta sunkuya ta fara raɗa wa Hadiza irin maganar da wa bai kamata ya ji ana yi wa ƙanwarsa ba. Kowace kalma ta iso kunnena garau. Na yi gyaran murya. Ta ci gaba. Na sake yi. Sai ta ɗago ta ce, "Kai, kana jin mu?" Na ce, "A'a, Goggo." (Ka ga amsar mai hankali ke nan.)

Kunya ta sa na ga ba abin da ya fi sai in gajarta tafiyar. Na taka totur. Motar ta miƙe kamar an harba ta, na duba madubi ban ga ko ƙurar 'yan rakiya ba. Har da ɗan jin daɗi a raina, ina cewa yau Sani zai san bambanci.

Muka shiga unguwar su ango mu kaɗai. Na tsaya a ƙofar gida. Ba kowa. Matan gidan suna ciki suna jiran su ji rurin motoci su fito da guɗa, maza suna masallaci, wata kaza da ke kwance a gaban tayata ma ba ta ga dalilin tashi ba. Na juyo da fara'a na ce mun iso, a fito.

Goggo ta dube ni, kallon da tun ina yaro na san ba alheri a bayansa. Ta ce, "A hito a tai ina? Ɗiyar wana ba buhun gero ba ta, da za ka aje ƙohwar gida ka wuce. Gawa kaɗai aka kaiwa haka shiru." Na ce to bari in danna hon. Ta ce, "Hon na mota guda? Su ce mai saida burodi na? Juya mu koma bakin gari tun wani bai gane mu ba."

Haka na juya da amarya, muka fice kamar ɓarayi, muka laɓe a gindin wata bishiya a bakin hanya. Hadiza ta daina kuka ma, abin ya fi ƙarfin kuka. Can sai ga rurin motar Sani tun kafin a hango ta. Ya tsaya, ya leƙo, haƙoransa duka a waje. Aka fitar da amarya aka sa a motarsa, su Goggo suka bi ta. Ni kuma, tunda ga wuri ya samu, aka kwaso tukwane da fantekokin da suka takura wa mata a bas ɗin 'yan rakiya aka loda mini, aka ce in biyo baya.

Shigarmu ta biyu ita ce shigar gaske. Salansar Sani ta tashi unguwa, mata suka fito, guɗa ta kaure, yara da manya suka cika lungun. Ni ina can ƙarshen layi ina tafiya a hankali saboda jama'a, mota tana silalewa ba ko tari.

A nan ne Alhaji Umaru ya hango ni. Shi ne wan mahaifin ango, shi ya karɓa masa aure da safe, dattijo mai furfura da kowa ke durƙusa wa a unguwar. Ya ga motar surukinsa tana gangarawa ba sauti, ya yanke hukuncin da duk mai hankali a garin zai yanke. Ya ce, "Subhanallahi, motar baƙonmu ta mutu. Samari, ku kama mishi." Kuma don ya girmama gidanmu, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya sa hannunsa da kansa a bayan motar.

Na sauke gilashi na ce, "Baba, a kunne take."

Ya ce, "Kak ka ji kunya, ɗana, kowa tasa na mutuwa. Sa ta giya na biyu, in mun ce saki, ka saki kuloci."

Na ce, "Baba, ba ta da kuloci."

Wani daga baya ya ce, "Allah sarki, har kulocin ya tahi." Suka ƙara ƙarfi.

Da mai rabo ne, da ya bari an tura shi har ƙofar gida, ya fito ya yi godiya, magana ta mutu. Amma na hango abokan aikina biyu cikin 'yan biki, waɗanda na fi damu da wa'azi, suna nuna ni suna dariya. Gabana kuma fili ya buɗe. Na ce bari in ɗan taɓa totur kaɗan, su gane da ranta. Da motar Sani ce, sai ta yi gurnani tukuna, ta ba kowa damar janye hannunsa. Wannan ba ta shawara da kowa. Ta yi tsalle gaba.

A madubi na ga abin da ya faru. Samarin nan duka suka zube rub da ciki, Alhaji Umaru a tsakiyarsu, hularsa tana gangarawa wajen kwata. Na take birki da ƙarfi, tukwane da fantekoki suka kife a bayana da wata ƙara da ta fi ta salansar Sani. Mai guɗa ta katse a tsakiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na fito da sauri. Aka ɗaga dattijon, gwiwarsa ta kuje, gaban rigarsa duk ƙasa. Ya karkaɗe, ya karɓi hularsa, ya dubi motar, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ta tashi. Ban ce maka ba?"

Jama'a suka ɗauka, "Ta tashi, ta tashi." Bakina ya buɗe zai yi bayanin batir. Sai na hango Goggo a bakin ƙofa riƙe da hannun Hadiza, amarya tsaye ƙafa ɗaya a waje, ba ta shiga ba tukuna. Idan na ce motar ba ta taɓa mutuwa ba, na faɗa wa unguwa ke nan cewa wan amarya ya kayar da babban gidan a banza, ranar da aka kawo ta. Na durƙusa har ƙasa a gaban abokan aikina, a gaban Sani, na ce, "Na gode, Baba. Ba don ku ba da nan za ta kwana."

Ya dafa kaina ya ce in riƙa kula da ita, motocin zamani ba su da ƙwari.

Da na je ganin Hadiza bayan biki, na tarar labarin ya riga ya yi rassa. Alhaji Umaru yana ba duk baƙon da ya zo, har da nuna tabon gwiwa, kuma ita yake kira ɗiyar da ya faɗi dominta. Ko cefane ya yi sai ya aika mata nata daban. Na ce mata wata rana dai zan zaunar da shi in yi masa bayanin yadda motar take aiki. Ta ajiye kofin da ke hannunta ta ce, "Yaya, ka yi min ɗaya na haƙura. In ka gyara mishi labarin nan, ba ni yahe maka."

Ban gyara ba. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa motar lantarki ta fi ta fetur gudu, ta fi ta riƙe hanya, ta fi ta kyan gani, kuma a shirye nake in yi musu da kowa a kan haka. Amma na koyi abu ɗaya da ba ya cikin bayanin masu ƙera ta: idan dattijon gidan da ƙanwarka take aure ya ce motarka ta mutu, to ta mutu.