Sallamar Da Na Yi Wa Konni

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka ɗauke ni aikin koyarwa. Shekara biyu ina zaune a gida bayan na gama makarantar horon malamai, har maƙwabta sun gaji da tambaya. Sai ga ƙawata Rakiya ta turo min hoton jerin sunaye a waya. Hoton dishi-dishi yake, amma na ga sunana, na kuma ga garin da aka tura ni: Illela. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har kaji suka watse.

Da na je buro, wato ofis, karɓar takardar aiki, sunana kawai na duba. Na ga an rubuta shi daidai, na naɗe ta a leda, na tura ƙasan akwati (kada ruwa ya taɓa ta, wai ni mai hankali).

Sai shiri. Aljihu babu nauyi, albashin fari kuma kowa ya ce sai an sha jira. Nan na zama gwanar dabara. Tsohuwar katifar yayana na sa aka ɗinka mata riga ja mai furanni. Inna ta ba ni tukwane biyu, ta daka min yaji. Atamfa ɗaya na saya, na matsa wa tela sai da ya fitar da riga biyu, don a ce Madam na da sutura. Abin da ya fi min daɗi, Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, a Illela take aure. Ta ce ɗaki kyauta, har ta sa an share. Kuɗin mota ma na tsira, don Malam Idi maƙwabcinmu na kai kaya can ranar kasuwa, ya ce zai ɗauke ni da tarkacena.

Na bi gida-gida ina sallama kamar mai tafiya Makka. Na yafe wa kowa, har waɗanda ba su nemi gafara ba. Ranar tafiya matan layinmu suka fito da sassafe, Inna na share hawaye, ni kuwa ina gaban mota ina ɗaga hannu.

Muna isa Gwaggo ta yanka min zakara. Ko ci ban tsaya yi ba, na saka sabuwar riga na nufi buron sufeton makarantu. Sababbin malamai sun cika benci. Da layi ya zo kaina, ya duba littafinsa sau biyu bai ga sunana ba, sai ya nemi takardata. Na kwance leda da yanga na miƙa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Madam, kin ko karanta takardag ga?"

Na ce na karanta sarai.

"To karanta muna layin ga da ƙarfi."

Na karanta. Alela. Alela ta ƙasarmu ta Konni, ba Illela ba. Harafin fari ne ya kayar da ni. Wani a benci ya mayar da dariyarsa tari. Sufeton ya miƙo min takardar, ya ce Allah ya sa dai ba 'yan aji ɗaya za a ba ni ba, su da ke koyon A da I.

Kunyar buro ashe wasa ce, don hanyar Alela sai an koma ta garinmu Konni. Kasuwa na watsewa Malam Idi ya sake ɗaure kayana, kafaɗunsa na rawa don dariya. Muka shigo layinmu kafin magariba, mata duk suna ƙofar gida. Na ja mayafi na rufe fuska, amma wa zai rufe jar katifa a saman mota?

Inna ta leƙo, ta dube ni, ta dubi kaya, ta ce, "Har an ba ku hutu, ɗiyata?"

Ɗakina ma matar yayana ta riga ta shigar da keken ɗinkinta. A ɗakin Inna na yi kwana biyu, ban leƙa waje ba.

Na tafi Alela a bayan babur, ba rakiya, ba guɗa, kuma na ji daɗin garin. Tun daga nan ban ƙara yi wa kowa sallama kafin tafiya ba. Sai na isa, an ce min "nan ne", sannan in buga waya in ce na tafi.