Rasuwar Kalkuletar da Na Yi wa Ƙazafi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunya kuma, ni Hammadu kafinta nake sanar da rasuwar kalkuletata, a shagona da ke Ɗan Iya, ranar Talata da hantsi.

'Yan ajinmu na manya suna kiran ta Hajiya, wai don ba ta gaggawa. Malama Liatu, mai koya mana lissafi, ta shaide ta da kame baki: a lissafin kusurwa, ka nemi kusurwar da ma'auninta na sin rabi ne, ta ce talatin ta yi shiru, ɗaya amsar kuwa, ɗari da hamsin, ka nemo da kanka. Uwargidana ta ce ita kaɗai ta fi ni ƙarancin magana a gidan. Muryar marigayiya ke nan, ƙas-ƙas ɗin maɓalli, ita ma sai an taɓa ta.

Jinyar ta fara ne makonni uku da suka wuce. Na danna sin⁻¹ na rabi, wato neman kusurwar nan, ta ce 0.52. Littafi ya ce 30. Na sake, ta sake. Ni da na tsufa ina kafa rufin ɗaki, za a ruɗe ni da kusurwa? Na shanya ta a rana. Na sauya mata batir. Na kira ta maƙaryaciya a gaban aji. Ranar Talata na ƙwanƙwasa ta da tebur yadda ake yi wa rediyo, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Sai da Malama ta duba littafin aikina ta ce 0.52 talatin ɗin ce dai, da wani ma'auni da ake kira radiyan. Ƙaton yatsana ne ya juya ta can. Ashe marigayiya tana ta nuna ƙaramin R a goshinta, ni kuwa na ƙi sa tabarau don kada 'yan aji su ce mini Kaka.

Ta bar murfi ɗaya, sabon batir da bai ga komai ba, da ni da jarrabawa ranar Asabar.

Za a binne ta gobe bayan la'asar, a gindin darbejiyar shago. Akwatin ni na haɗa. Masu ta'aziyya kada su kawo goro, su zo da aron kalkuleta.

Malama ta ce tunda a gaban aji na yi ƙazafin, a nan zan janye shi. Jiya na miƙe, tabarau a hanci, gawa a tafin hannu, 'yan aji suna ƙunshe dariya.

"Hajiya, ke ce da gaskiya. Ki yafe mini."