Ranar da Na Shiga Teku Neman Mama

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗa teku da babbar riga ba, ni da ko kududdufin bayan gidanmu a Kano ban taɓa iyo a cikinsa ba. Na daɗe ina ɓoye labarin nan, amma tunda jikokina ma sun riga sun ji shi a bakin wasu, gara in faɗa da kaina.

Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goro. Ni ma rabo ya faɗo kaina, aka turo ni London karatun sha'anin mulki na shekara biyu. Muka sami ɗan flat a Camberwell, hawa na uku, ni da matata Rabi da 'yarmu ta fari mai shekara shida. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, Hauwa'u, don haka bakina bai taɓa iya furta shi ba. Mama nake ce mata, kowa ma a gidan haka yake kiran ta.

A bazararmu ta biyu aka yi wani zafi da Turawa suka rasa inda za su sa kansu. Rabi na da cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta huta. Mama kuwa ta sa mu a gaba: 'yan ajinsu duk an kai su bakin teku, ita kaɗai ce a ɗaki. Da Turanci take ƙorafin, domin a lokacin in ka yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Turanci za ta mayar maka. Sai na ce zan kai ta, kwana uku, uwar ta samu ta miƙe ƙafa.

Rabi ta dube ni ta ce, "Malam, ka san teku kuwa?"

Na ce, "Haba Rabi, ruwa ne fa. Na ga kogin Kwara a Jebba." (Ta tagar jirgin ƙasa na gan shi, amma ban ga dalilin ƙara wannan bayanin ba.)

"To, don Allah kada ka saki hannunta."

Na yi booking ɗin ɗaki a gidan wata mata a Margate, wani gari a bakin teku, muka hau jirgin ƙasa. Ranar farko lafiya lau. Mama ta ga teku ta yi tsalle, ni kuma na ga Turawa sun yi layi suna biyan kuɗi don a ɗora 'ya'yansu kan jaki, na yi dariya har da riƙe ciki. A raina na ce mutanen nan ba su da wayon da ake ba su.

Rana ta biyu na ci ado, saboda ina son a ɗauke mu hoto in aika gida. Babbar riga ta shuɗiyar shadda, sabuwa fil, da 'yar ciki da wando, da hula zanna, da takalmin fata. Da muka isa bakin ruwa wajen ƙarfe ɗaya, sai na ga abin mamaki. Jama'a sun cunkushe can sama kusa da katanga, kafaɗa na gogar kafaɗa, ga kuma fili fetal a gabansu, yashi shimfiɗe har bakin ruwa, ba kowa. Na ce wa Mama, "Kin ga Turawa da son matsi? Zo mu je inda za mu sha iska." Na ja ta muka yi ta tafiya har muka kusa da ruwa, na shimfiɗa bargo, na ajiye jakarmu, ta zauna da jan bokitinta na roba tana haƙa rami.

Wata tsohuwa ta zo wucewa da ɗan karenta. Ta tsaya, ta dubi bargonmu, ta dubi ruwa, ta yi mini magana da irin Turancinsu na hanci. Kalma ɗaya kawai na kama, na ji kamar ta ce tidy. Wato mu kula da tsabta. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, don ta ga baƙar fata shi ne za ta koya mana shara? Na yi mata murmushin ma'aikacin gwamnati na ce na gode, na juya mata baya. (Tide ta ce, wato cikowar teku. Ban san teku tana ja da baya ta kuma dawo ba. A Jebba ba a yin haka.)

Can sai Mama ta ce tana son askirim. Na duba, mai sayarwa yana can sama bayan katanga, tafiyar minti biyar. Na tuna maganar Rabi, amma yarinya ta yi nisa da gininta, ta ƙi tashi. Na ce, "Mama, ki zauna a nan. Ko me ya faru kada ki motsa daga kan bargon nan sai na dawo. Kin ji?" Ta ɗaga kai.

Layin askirim ya yi tsawo. Ina tsaye sai na ji an ce, "Salamu alaikum, ɗan'uwa!" Na waiwaya, ga wani Alhaji jibgege cikin farin kaftani, ɗan kwangila ne daga Gusau ya kawo iyali hutu. Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba ba zai gane daɗin jin Hausa a inda ba ka zata ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Muka shiga zancen siminti da ya cika tashar jirgin ruwa ta Ikko, muka gangara kan farashin Fijo, muka gano cewa ƙanin matarsa ajinmu ɗaya a sakandare. Ya ja ni inuwa muka zauna. Na gyara Najeriya tsaf a wajen nan, na naɗa ministoci na sauke. Sai da ya tambaye ni, "Iyali fa, suna London?" sannan na tuna da Mama. Na dubi agogo. Awa ɗaya da wani abu.

Ko sallama ban yi masa ba. Na sauka matakala da gudu, na ratsa cikin mutane, na tsaya cak.

Filin nan babu shi. Inda na bar bargo, inda na bar 'yata, ruwa ne shuɗi yana ta tunkuɗo kumfa. Na ɗauka ɓata hanya na yi. Na duba hagu, na duba dama, na nemi alamar da na riƙe, wani dogon ƙarfe mai tuta. Yana nan, amma yanzu a tsakiyar ruwa yake tsaye. Sai na hango wani jan abu yana lilo a kan igiyar ruwa. Bokitinta ne.

Ni na ce mata kada ta motsa. Ko me ya faru. Kuma yarinya ce mai jin magana.

Ban san lokacin da na shiga ruwan ba. Sanyinsa ya sare ni a ƙafa, ban tsaya ba. Ina kutsawa ina ihu, "Mama! Mama!" Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Shadda ta sha ruwa ta yi nauyi kamar an rataya mini buhun gero, hannayen rigar suka naɗe ni. Fuskar Rabi kawai nake gani, da yadda zan hau benen nan hawa uku in buɗe ƙofa ni kaɗai. Na miƙa hannu zan cafko bokitin, wata igiyar ruwa ta doke ni a ƙirji, ƙafata ta zame, na nutse.

Na sha ruwan gishiri, na taso, na sake komawa. Rigar ta rufe mini kai ruf, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Na yi kalmar shahada a zuci. Duk sanda bakina ya fito sarari abu ɗaya nake kira: "Mama! Wayyo Mama!"

Sai na ji an damƙi wuyan rigata an ɗaga ni. Wani ƙaton Bature ne mai jan tumbi, ya ɗaura hankici a ka saboda rana. Ya ce da ni, cikin natsuwa kamar mai ba da hanya, "Miƙe tsaye, aboki. Miƙe kawai."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata yake. A gefena wata mata tana tsaye da jariri a hannu, tana kallona.

Amma ni ba ta kunya nake ba tukuna. Na riƙe mutumin ina nuna ruwa, Turancin da na yi shekara ashirin ina tarawa ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, "Mama, Mama, a ciki, a ciki!" Ya tambaye ni, mahaifiyarka ce? Ni kuma na ji ya ambaci uwa, na ɗaga kai da ƙarfi. Nan take ya kwarma ihu, masu ceto biyu suka rugo, aka busa usur, aka fara fitar da mutane daga ruwa. Ɗaya ya riƙe kafaɗata yana tambaya: shekarunta nawa? Ta iya iyo? Me ta sa?

Na ce, "Bakwai."

Ya ce, "Saba'in?"

"Bakwai! Bakwai!"

Suka dubi juna. Na ga a idonsu sun fara tunanin ko rana ce ta taɓa ni. Aka fito da ni gaɓa, mutane sun yi da'ira, ɗaruruwa, wasu da askirim a hannu. Hulata ta tafi, takalmi ƙafa ɗaya ya tafi, shuɗin shadda ya zuba ya rine mini wuya da hannuwa. Ga ɗan sanda ya iso yana ciro littafi. Na durƙusa a yashi ina kuka, kuka na gaske mai sauti, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Sai lasifikar bakin teku ta yi ƙara, muryar wata mata ta cika wurin. A hankali take magana, don haka wannan karon na ji kowace kalma.

"Muna da wata yarinya a rumfar yaran da suka ɓata. Sunanta Hauwa, shekararta bakwai. Ta ce mu gaya muku ba ita ce ta ɓata ba, babanta ne ya ɓata. Dogo ne, yana sanye da babbar shuɗiyar riga irin ta mata. Ta ce wataƙila ya tsaya surutu ne. Duk wanda ya gan shi ya taimaka ya rako shi."

Sannan kawuna suka juyo gaba ɗaya. Baturen nan mai hankici ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ina jin kai ne."

Wani ya fara dariya daga baya, ta bazu. Har da tafi. Ɗan sandan ya mayar da littafinsa aljihu, ya kama gwiwar hannuna kamar mai rakiyar tsoho, muka ratsa tsawon bakin tekun nan, ina ɗingishi da takalmi ɗaya, ruwa na ɗiga daga rigata. A kan katanga na hango Alhajin Gusau da matansa da 'ya'yansa sun jeru. Ya ɗaga hannu zai yi magana, sai ya fasa, ya shiga gyaran hularsa.

A rumfar na same ta zaune kan kujera tana lasar askirim, bargonmu a naɗe, jakarmu a gefe. Kusa da ita tsohuwar nan ce mai kare. Ashe da ta ga na tafi ba ta yi nisa ba. Da ruwa ya fara taɓa bargo ta ce wa Mama ta tashi, Mama ta ce babanta ya hana. Sai da tsohuwar ta ɗauke ta cak, tana kuka tana shure-shure, bokiti ya faɗi. Na durƙusa na rungume yarinyar, na jiƙa ta sharkaf. Na so in yi wa tsohuwar godiya, na rasa da wane baki. Ita kuwa sai ta ciro tawul daga jakarta ta miƙo mini.

Mama ta leƙa fuskata, ta sa yatsa ta taɓa kumatuna. Da Hausa ta yi magana, karo na farko cikin watanni.

"Baba, kuka ka yi?"

Na ce, "Ruwan teku ne."

Ta ce, "To ai idonka ma ja ne."

A jirgin komawa na zaunar da ita na yi mata bayani cewa mamanta ba ta da lafiya, bai kamata a tayar mata da hankali ba. Ta yarda. Muka isa Camberwell, Rabi ta tambaya yaya hutu, muka ce lafiya lau. Rigar kuwa na ce mai wanki ne ya ɓata ta. Bayan sati uku Rabi ta haifi namiji, hidima ta rufe komai, na ce Allah ya rufa asiri.

Da aka koma makaranta aka kira iyaye ganawa da malamai, muka je tare, jariri a kafaɗar Rabi. Malamar ajin na ganina ta taso da fara'a, ta ce ta daɗe tana son haɗuwa da ni. Ta ja mu gaban allo. Ashe an sa yara su rubuta yadda suka yi hutu, na Mama ya fi na kowa, an manna shi a bango. Har da zane: wani dogon mutum shuɗi a cikin ruwa, baki a wangame, hula na tafiya gefe. A ƙasa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa babanta ya shiga teku yana kiran mamarsa.

Rabi ta karanta daga farko har ƙarshe, ta sake karantawa. Da muka fito titi ta kira ni.

"Malam."

"Na'am."

"Ita ba ta faɗa mini ba, ta cika alkawari. Camberwell kawai ta faɗa wa."

Tun daga ranar na koyi abu biyu. In tsohuwa ta tsayar da kai tana nuna ruwa, ka ce ta maimaita ko sau nawa ne, digirinka ba zai ragu ba. In kuma za ka ƙulla sirri da yarinya 'yar shekara bakwai, kada ka tsaya a kan baki kawai, ka haɗa har da fensir.