Yammacin da Na Yi Murabus Daga Shugabancin Ƙungiyar Kuroke

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tuɓe kaina daga mulki da bakina, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Yawancin waɗanda suka halarci taron sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara gaya maka mene ne kuroke, don na san da wuya ka taɓa jin sunansa. A hanyarmu ta zuwa Makka daga Kano guzuri ya ƙare mana a Hartum, na yi 'yan shekaru ina ban ruwan ciyawa a wani kulob na Turawa. A can na ga wasan. Ana kafa ƙarafa lanƙwasassu a ƙasa kamar ƙananan ƙofofi, mutum ya riƙe guduma ta katako mai doguwar ƙota, ya riƙa buga ƙwallon itace yana zura ta ƙofa bayan ƙofa. Ba gudu, ba tsalle. Ni dai ban taɓa bugawa a can ba (ciyawa aka ba ni amana, ƙwallo kuwa ko taɓawa ba a yarda in yi ba), amma na kalla har na haddace.

Da Allah ya kawo mu Makka na zauna a Nakkasa, a wani gidan langa-langa a gefen dutse, ina ɗinki da keke ɗaya. Da zarar alhazai sun watse sai gari ya mutu, ɗinki ya tsaya, mutum ya wuni yana korar ƙudaje. A irin wannan zaman ne, cikin shekarun 1960, na sa kafinta ya sassaƙa mini gudumomi da ƙwallaye, maƙeri ya lanƙwasa ƙarafa. Mun gwada wasan a unguwa, ƙwallon farko ta gangara ba ta tsaya ba sai cikin tukunyar wata mai ƙosai. Daga nan muka koma wani fili shimfiɗaɗɗe a wajen Ka'akiyya, duk Juma'a bayan La'asar.

Na raɗa mana suna Ƙungiyar Kuroke ta Ƙasa Baki Ɗaya, tunda dai ban ji labarin wasu masu buga shi a ƙasar ba (ban kuma aika Jidda a tambaya ba, don kada a kawo mini amsar da ba na so). Ni ne shugaba, Ra'is kamar yadda ake kirana. Kada ka raina wannan suna. A Makka kowa Alhaji ne, tela Alhaji, mai wanki Alhaji, mai dako Alhaji. Ba ni da gona, ba ni da dangi sai na matata, hanyar komawa gida kuma ta yi nisa. Amma in na bi ta lungu aka ce "Ra'is, barka da yamma," sai in ji ni ma an san da zamana a duniya.

Kowace shekara a watan Muharram muke taron shekara a tsakar gidana, a duba yadda aka tafiyar da ƙungiya, a kuma sabunta shugabanci. Sabuntawar ba ta da wuya. Nakan tambaya ko akwai mai ƙorafi, kafin wani ya gyara murya na ce a yi Fatiha. Dokoki kuwa duk shekara sai na ƙara. Ba a shiga fili sai da fararen kaya. Ba a dariya idan mutum ya saita guduma. Nakan tsayar da wasa a tsakiya in yi bayanin yadda Turawan Hartum ke riƙe ƙota, har a kira Magariba ba a zura ƙwallo ko ɗaya ba. A lokacin na ɗauka tsari ke nan.

A shekarar da nake ba ka labari sai na fara jin ƙananan maganganu. Jagoran masu maganar shi ne Bakur, ƙanin matata Zainabu, saurayi haifaffen Makka mai aiki a shagon kayan mota, wanda Hausarsa ke ɗingishi sai ya tokara ta da Larabci. Wata rana Zainabu na tankaɗe ta ce, "Malam, ka sassauta wa mutanen nan. Wasa suka zo yi, ba karatu ba."

Na ce, "Ke ba ki san sha'anin mulki ba."

Amma maganar ta tsaya mini a wuya, sai na ƙulla dabara. Zan tashi a taron shekara in ce na gaji, na yi murabus. Jama'a za su firgita, su roƙe ni, in ƙi, su ƙara roƙo, sannan in karɓa don dole. Daga ranar babu mai sake buɗe baki. Abin da kawai nake bukata shi ne mutum ɗaya da zai fara roƙon, sauran su bi.

Na zaɓi Tanko mai ga-ruwa, abokina tun daga hanyar Chadi, mutum mai zuciya ɗaya wanda zai iya shiga wuta domina. Matsalarsa kawai magana ba ta zama a kansa. Na zaunar da shi a shagona na yi ta biya masa kamar mai koyon karatu: ba mu yarda ba, in Ra'is ya sauka mu ma mun ajiye guduma, wa ya ɗauko mana wasan nan tun daga Hartum, da sauransu. Ya maimaita har ya kama.

Ya ce, "Ra'is, ka kwantar da hankalinka. Kana rufe baki zan miƙe."

Ran taro na sa Zainabu ta dafa shinkafa da naman rago, abin da ba mu taɓa yi ba, don murnar dawowata kan mulki. Na sa farar rigata mai aiki. Bayan La'asar mutane suka cika tabarmi, Malam Sale, dattijon cikinmu mai yi mana addu'a, yana gaba. Na duba ban ga Tanko ba. Akwai wani zaune can bayan randa da rawani irin nasa, sai na ce shi ne (idona ya daɗe da lalacewa wurin zura zare a allura, amma girman kai bai bar ni na nemi tabarau ba).

Na miƙe, na yi jawabi mai tsawo kan wahalar da na sha. Na sassauta murya na ce, "'Yan'uwa, ƙarfina ya ƙare. Daga yau na ajiye shugabancin wannan ƙungiya. Ku nemi wani." Har hawaye na matso, na zauna na sunkuyar da kai ina jira.

Ba wanda ya miƙe ya roƙe ni. Ina jin kazar maƙwabta tana tono a bayan langa-langa. Na saci kallon mai rawanin bayan randa, ya ɗago, ashe wani baƙo ne da ya biyo ƙanshin nama.

Malam Sale ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka maka da alheri, Alhaji. Mun daɗe muna neman yadda za mu gaya maka, kunya ta hana. Ga shi Allah ya kawo mana sauƙi ta bakinka."

"Alhaji" ya kira ni, ba Ra'is ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba har sunan ya faɗi.

Na buɗe baki in ce ai ba a gaggawa, sai wani ya ambaci Bakur, hannuwa suka tashi ko'ina, har da na kafintan da ya sassaƙa mini gudumomin. Bakur ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Yaya, wallahi ka kyauta. Tayyib, yanzu ka huta, mu za mu ɗauki wahalar." Malam Sale ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ni ma na shafa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na fita da ɗan mutuncina. Da an ce dattijo ne ya gane lokacinsa ya yi. Har na fara lallashin kaina da haka, sai ga Tanko ya faɗo gidan yana haki, rigarsa jiƙe, sandar ɗaukar garwa a kafaɗa. Layin famfo ne ya riƙe shi. Ya gan ni zaune kai a sunkuye, jama'a sun yi tsit, sai ya ɗauka daidai lokacin ya iso. Ya jefar da sandar ya tsaya tsakiyar tabarmi.

"Ba mu yarda ba!" in ji shi. "In Ra'is ya sauka mu ma mun ajiye guduma. Wa ya ɗauko mana wasan nan tun daga Hartum? Wa ya..."

Nan ya tsaya. Na yi masa alama da ido, na girgiza kai, na yi tari. Ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Ya sake farawa daga farko, ya sake maƙalewa a wuri ɗaya. Sai ya juyo gare ni a gaban kowa, da muryarsa ta mai tallan ruwa, ya ce, "Ra'is, bayan Hartum ɗin me ka ce in ce? Wurin da za ka ƙi sau biyu ne, ko wurin da zan kama ƙafarka?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Da sun yi, da na taya su an wuce wurin. Malam Sale ya zuba wa carbinsa ido. Bakur ya shiga gyara agogonsa. Daga bayan labule na ji ludayi ya faɗi daga hannun Zainabu. Tanko ya dubi wannan ya dubi wancan, a hankali ya gane, ya tsuguna a inda yake kamar an zare masa laka.

Malam Sale ne ya cece mu, in ceto za a kira shi. Ya ce, "Zainabu, 'yata, in abincin ya nuna a kawo." Haka aka baje shinkafata da naman ragona, aka ci don taya Bakur murna. Ni na riƙa miƙa wa mutane ruwan wanke hannu, tunda ni ne mai gida. Da za su tafi suka kwashi gudumomi da ƙarafa daga ƙarƙashin gadona, domin doka ta ce kayan ƙungiya a gidan shugaba suke zama. Ni na kafa dokar.

Na fi shekara ban taka Ka'akiyya ba. Na zauna a kan keke ina jira a zo a ce mini ƙungiya ta watse. Labarin da ya riƙa zuwa shi ne an soke fararen kaya, ana dariya a fili yadda aka ga dama, mutane sun ƙaru har ana jiran guduma. Taron shekarar da ya biyo baya, aka ce, kafin shayi ya huce an gama. Yaran unguwa kuwa suka samo mini sabon suna, duk inda na gifta sai in ji an ce a hankali, "Ga Ba-mu-yarda-ba nan." Tanko ya yi ta kawo mini ruwa kyauta yana ajiyewa a bakin ƙofa ba tare da sallama ba, har sai da na fita na riƙe hannunsa na ce ya bari, laifin ba nasa ba ne.

Daga baya na koma filin, ɗan wasa kamar kowa. A nan na gano cewa ban ma iya bugawa ba. Duk shekarun nan bayani nake yi.

Abin da na ɗauka daga wannan rana ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Kafin ka tashi a gaban jama'a ka ce ka gaji, ka fara bincikawa ko su sun riga ka gajiya.